Rumbun Hotuna: Kada Amanar Ƙungiya Ta Kwana a Waya Ɗaya

  Na ga mutanen Illo da na Lolo, na ga na Ka'oje da na Zagga, ga 'yan Tsamiya can sun maƙale a bakin ƙofa kamar masu shirin gudu. Ku shigo ciki, akwai tabarma. Masu goyo su matso gefen taga, nan ya fi iska.

Kafin in ce komai, ina roƙon kowace mai waya ta ɗaga ta sama. Babba ko ƙarama, ko da mai tocila ce. Madalla. To ku saurara. A ce wayar nan ta suɓuce ta faɗa Kwara yau da yamma, kuna cikin kwalekwale za ku koma gida. Wadda ta san tana da wani wuri da za ta je ta samo hotuna da bidiyon da ke ciki, ita kaɗai ta bar hannunta a sama. Sauran a sauke.

Ku waiga ku ƙirga da kanku. A duk inda na yi wannan tambaya, hannuwan da ke ragewa a sama ba sa kai biyar.

Zan fara da labarin wani kuskure, kuma kuskuren nawa ne, ba na kowa ba.

Ba wadda ta manta daminar 2020 a ƙasar nan. Wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba Kwara ta cika ta batse, ta shanye shinkafar fadama, ta shiga gidaje. Ga iyaka a rufe tun watan Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020, don haka masu ɗan saye da sayarwa da mutanen Benin ma hannunsu a ɗaure yake. A lokacin ina duba wasu ƙungiyoyi a ƙauyukan bakin ruwa. Ɗaya daga cikinsu mata 25 ne, masu himma ƙwarai, zubinsu ba ya fashi. Daren da ruwa ya shigo, ma'ajinsu ta bar kwanukanta da buhun geronta, ta ɗora akwatin ƙungiya a ka ta hau tudu. Har yau in na tuna matar nan sai in ji tsigar jikina ta tashi. Amma kafin ta kai gare shi ruwa ya riga ya shiga akwatin. Kuɗi dai aka shanya a rana suka bushe. Babban littafi kuwa tawada ta narke, shafuka suka manne da juna kamar danƙo. Da yawa daga ƙananan littattafan zubi, waɗanda kowace ke riƙe da nata a gida, sun tafi tare da ɗakunan da suka rushe.

Ni hankalina a kwance yake. Na san sakatariyarsu, yarinya ce mai natsuwa da ta gama sakandare, kuma ni da bakina na koya mata cewa duk ranar taro, kafin a rufe akwati, ta ɗauki hoton kowane shafi da aka rubuta. Tana yi, ba ta taɓa tsallake mako ba. Na ce musu kada kowa ta damu, lissafinku na cikin waya.

Ashe wayar ta sha laima, ta fara gardama, ana kunna ta sai ta tsaya a kan sunanta ta ƙi wucewa. Ranar kasuwa yayanta ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya ce sai an yi mata filashin. Yayan bai san abin da ke ciki ba, mai gyara bai tambaya ba. Da yamma waya ta dawo tana aiki sumul, ciki kuwa fayau, kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Hotunan wata tara, ko ɗaya bai rage ba.

Da lokacin rabo ya zo sai rigima ta tashi. Wata baiwar Allah ta ci bashin naira 30,000 don ta sayi shanshera ta turara ta sayar. Ta ce ta biya dubu goma-goma sau biyu. Ma'aji ta ce ita sau ɗaya ta tuna. Da a ce sauran lissafin yana nan, da ƙirga kuɗin akwati kaɗai ya raba gardama, amma ba wadda ta san jimillar da ya kamata a tarar a ciki. Aka kai maganar gaban dattawa, aka ce ƙungiya ta ɗauki asarar a raba ta daidai. Magana ta mutu a baki, ba ta mutu a zuci ba. Matar ta fita daga ƙungiya, mata huɗu suka bi ta, ita da ma'aji kuma, da katanga ɗaya ta raba gidajensu, suka daɗe ba sa gaisawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, har gobe ban yarda cewa ɗayarsu ta yi ƙarya ba. Mantuwa ce ta ɗan Adam, wadda don ita aka ƙirƙiro littafi tun farko.

Sai daga baya sakatariyar ta gaya mini, tana hawaye, cewa a wayar nan ne bidiyo ɗaya tilo na mahaifinta yake, wanda ya rasu kafin damina. Minti biyu ne, yana zaune yana gyaran taru yana yi wa jikansa wasa. Ba ta ko ambace shi a gaban mutane ba, saboda kunyar asarar da ƙungiya ta yi.

Laifina shi ne na koya mata ɗaukar hoto, ban tambaye ta ina na biyunsa yake ba.

Ku dubi akwatin nan da ke gabanmu. Kwaɗo nawa ne a jikinsa? Uku. Makullan a hannun mata nawa? Uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. Wannan tsari ba daga Turai ya faɗo ba. A ƙasar Maraɗi aka fara shi, cikin Jamhuriyar Nijar, a shekarar 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara suka gina shi a kan adashin da iyayenmu suka saba, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga nan ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Dubarar ita ce, ba a barin abin jama'a ya rataya a kan mutum ɗaya, kome amanarta. Mun yi wa kuɗi haka. Amma hoton lissafin kuɗin, wanda shi ne shaidar kowa, sai muka bar shi a waya ɗaya, a jakar mace ɗaya, ana ba yara ita su kalli fim.

Na san abin da wasunku za su ce, don an sha gaya mini: “Ai yarona ya ce Google yana ajiye mini komai.” Gaskiya ne akwai wannan hanya, kuma ba na kushe ta. Amma ku san yadda take. Idan aka kunna ajiyar Google, hotunanki suna tafiya ta intanet su zauna a manyan kwamfutocin kamfanin, a wata ƙasa. Kafin su tafi sai da data, sai kuma da sabis mai ƙarfi, ku kuwa kun fi ni sanin yadda sabis yake a Lolo da Tsamiya, inda waya kan saki layin Najeriya ta kama na Benin ba tare da ta yi sallama ba. Wurin da suke bayarwa kyauta giga 15 ne, kuma ba na hoto kaɗai ba ne, har da wasiƙun Gmail da sauran ajiya. A da hotuna ba sa cin wannan wuri, amma tun daga 1 ga Yunin 2021 kowane sabon hoto yana ci. A 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga cikin lissafin. In ya cika, ajiya ta tsaya sai an biya kuɗi duk wata. Sannan tun Disamban 2023 kamfanin ya ce yana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Duk wannan ma ba shi ne babbar matsalar ba. Wa ya buɗe miki asusun? Mafi yawanmu yaron shagon da aka sayi waya ne ya buɗe, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a ka, bai rubuta ba, ke ma ba ki tambaya ba. Ranar da waya ta ɓace, hotunan suna can lafiya ƙalau, ke ce ba ki da makullin shiga. Don haka ko ba ku ɗauki komai daga zaman yau ba, ku ɗauki wannan: kowace ta sa a duba mata sunan asusunta da kalmar sirrinta, a rubuta a takarda, ta adana inda take adana takardar gona da katin asibiti.

Wasu kuma sun ce suna tura shafukan littafi a zauren WhatsApp na ƙungiya. Wannan ya fi babu, nesa ba kusa ba. Sai dai WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, har wani lokaci in kin buɗa shi ki rasa gane 3 ne ko 8. In za a tura, a tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, sai ya je da cikakken kyansa. Kuma WhatsApp ba rumbu ba ne, ɗan aike ne. Ya kai saƙo ya sauke a wayoyinku, ba aikinsa ba ne ya riƙe muku shi shekara da shekaru. Asusun da ya kwana 120 bai hau intanet ba ana iya goge shi. Layin waya ma in ya daɗe a ajiye kamfani yana karɓe abinsa ya sayar wa wani. Kun ga yadda aka yi ta rufe layuka tun da aka fara haɗa su da lambar NIN a Disamban 2020. Mata nawa a nan suka rasa lambarsu ta farko? Kun gani.

To mene ne abin yi? Mu gina rumbunmu da kanmu.

Masu ilimin kwamfuta suna ce masa “saba”. Kada sunan ya tsorata ku. Kwamfuta ce kawai da aka ajiye wuri ɗaya, ba ta yawo, aikinta ta karɓi ajiya ta riƙe. Tana iya zama tsohuwar kwamfutar cinya, tana iya zama wata 'yar ƙarama da ake ce wa Raspberry Pi, da aka fara fitarwa a Ingila a 2012, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Ni na fi son ta cinya a irin garuruwanmu, saboda tana da batirinta a jiki, in wuta ta ɗauke ba ta mutuwa farat ɗaya tana tsakiyar kwafe abu. A jikinta ake jona faifan ajiya, wanda shi ne cikin rumbun. Kusa da ita kuma akwai ɗan akwati mai baza waifai, ana ce masa rauta. Mai haɗawa zai sa wa kwamfutar manhaja irin Nextcloud, wadda wani kamfanin Jamus ya fara a 2016, kuma kyauta ce ga duk mai son ya girka ta a kwamfutarsa. Sai a sa 'yar uwarta a wayar sakatariya.

Ga daɗin abin. Waifan nan ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis. Magana ce tsakanin waya da kwamfuta a cikin ɗaki ɗaya, kamar yadda 'ya'yanku ke tura wa juna waƙa da Xender. Sakatariya ta shigo, waya ta kama waifai, sababbin hotuna su zuba cikin rumbu da kansu. Kafin a gama gaisawa an gama. Hoto bai bar garinku ba, bai bi ta hannun wani kamfani ba, ba kuɗin wata.

Bari mu yi lissafi, tunda lissafi sana'arku ce. Hoto ɗaya na wayar Tecno ko Itel ko Infinix yakan kai mega 3, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. In kuna ɗaukar shafi 4 duk mako, mega 12 ke nan. Sau 52, ya zama mega 624. Giga ɗaya mega 1,000 ne. Ashe littafinku na shekara guda cur bai cika giga ɗaya ba. Faifai mai tera ɗaya giga 1,000 ne, wato ko ƙungiya 20 suka haɗu a kansa, lissafinsu ba zai cika shi ba har 'ya'yansu su gaje su. Abin da ke cinye wuri shi ne bidiyo. Minti ɗaya mai kyau yana iya kai mega 100. Ki ɗauki kamun amarya na minti bakwai, kin cinye wurin da ya fi na littafin shekara. Shi ya sa dole a yi doka a kan bidiyo tun kafin a kunna na'ura, in ba haka ba wata uku rumbu ya cika da rawar biki.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan ba abin da ƙungiya ɗaya za ta yi ita kaɗai ba ne, kuma ba na son in ji wata ƙungiya ta fasa akwati ta sayi kwamfuta don ta burge maƙwabta. Abin gamayya ne: ƙungiyoyi goma ko sha biyar da ke cin kasuwa ɗaya su haɗa hannu, a ajiye shi a garin kasuwar, kowace sakatariya ta biya ta zuba nata ranar kasuwa. Ana buƙatar farantin sola da batir, ana buƙatar wanda ya iya haɗawa, kuma sai ya zama wanda za a same shi in abu ya lalace, ba wanda zai zo daga Birnin Kebbi sau ɗaya ya ɗauki hoto da mu ya tafi ba. Farashi ba zan faɗa ba, don wanda na faɗa yau gobe ya tashi. A tura mutum biyu su tambaya a shago uku, su kawo wa taro, kamar yadda kuke yi in za a sayi taki. Kuma abin ba sai ya kwana a kunne ba. A kunna shi ranar kasuwa, a kashe da yamma, a rufe shi da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada a bar shi yana aiki a ɗakin kwano rufe ruf. A ɗora shi a kan kanta mai tsawo. Mu da muka ga 2020 ba sai an gaya mana dalili ba.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe, har masu boko. Suna gina rumbu, sai su ce an gama. Rumbu ma yana cin wuta. Faifan ajiya yana mutuwa ba tare da ya yi jinya ba, faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi. Ɓarawo yana iya shiga. Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida: abu mai muhimmanci ya zauna a wuri uku, kuma ɗaya daga cikin ukun ya kasance a wani gari ko wani gida dabam. Na farko yana cikin waya. Na biyu yana cikin rumbu. Na uku faifai ne na dabam, a kwafe masa komai sau ɗaya a wata, a naɗe shi a leda, a sa a gwangwani mai murfi, wata mace ta tafi da shi gidanta a kan tudu. Ba a unguwa ɗaya da rumbu ba. In ruwa ya ci ɗaya kada ya tarar da ɗayan.

Makullai kuma mu raba su yadda muka saba. Mace ɗaya ta riƙe makullin ɗaki. Ta biyu ta riƙe kalmar sirrin kwamfuta, tare da kwafinta a ambulan rufe cikin akwatin ƙungiya, saboda rai da ajali. Ta uku ta riƙe faifan tudu. Mai haɗa na'ura in ya gama aikinsa a canza kalmar sirri a gabansa, ya juya baya a sa sabuwa. Ba rashin yarda ba ne, tsari ne, kuma mutumin kirki ba zai ji haushi ba.

Akwai gwaji biyu da nake so ku tilasta a yi a gabanku, ko da mai haɗawa ya ce babu buƙata. Na farko, a ɗauki hoton banza, a bar shi ya shiga rumbu, sannan a goge shi daga waya, a koma a duba rumbu. Yana nan? Dalili shi ne akwai irin saitin da ke mai da rumbu madubin waya: abin da aka goge a nan sai ya ɓace a can. In haka aka saita, ranar da ƙaramin yaro ya share wayar uwarsa ya share har da rumbu. Ku ce a gyara, abin da ya shiga ya zauna. Na biyu, duk wata uku a ɗauki wata waya dabam, a ce a fito mana da shafin taron makon kaza na watan kaza, a karanta shi da ƙarfi a gaban kowa. Ku tuna, ni ma wata tara ina ganin akwai ajiya.

A wani zama a baya wata dattijuwa ta katse ni a daidai nan. Ta ce, “Ɗiyata, mu da ba mu da ko sola, wayar sakatariyarmu ma sai an kai caji kasuwa, mi za mu yi?” Na ce, Inna, ku ma kuna da hanya, kuma daga ita nake so kowa ta fara. Akwai filashi mai baki biyu, baki ɗaya yana shiga waya, ɗayan yana shiga kwamfuta. A je da wayar wurin saye a gwada, don bakin wayoyi iri biyu ne, kuma ba kowace waya ke karɓarsa ba. A sayi guda biyu. Bayan kowane taro a kwafe hotunan ranar a kan na farko, a jefa shi cikin akwati a kulle da kwaɗo uku, amma a cikin leda ɗaure ko kwalba mai murfi. Na biyu a kwafe masa sau ɗaya a wata, shugaba ta tafi da shi. Ga wuri uku sun cika, ba sola, ba kwamfuta. Masu ƙananan wayoyi kuma, hotunanku a kan memori suke, ana cire shi a sa a ɗan abin karanta memori a kwafe.

Amma ku yi hattara da jabu. Kasuwa cike take da memori da filashi da aka rubuta musu giga 64 alhali cikinsu bai kai rabin rabin haka ba. Muguntarsu ita ce ba sa cewa sun cika. Suna ta karɓa, waya tana nuna sunayen hotuna, sai ranar buƙata ki buɗe ki tarar duk sun lalace. In arahar ta yi yawa, ku bar shi. In kun saya, a cika shi da bidiyo har baki, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun yi, to. In ba su yi ba a mayar tun ranar.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ce ta fi nauyi a wurina. Hotunanmu na gida. Na san da zarar an ce ga rumbu, kowace za ta so ta sa hoton 'ya'yanta da na iyayenta, kuma bayan abin da ya sami sakatariyar nan ni ba zan hana ba. Amma wayar mace akwai abin da ba na idon jama'a ba. Akwai hoton da kika ɗauka a ɗakinki ba lulluɓi, akwai bidiyon 'yarki ranar lalle, akwai hoton jinya. Kun sha jin yadda hoton mace ke fita daga shagon caji ko na gyara ya zaga gari, aure ya mutu, ko a riƙa tsoratar da ita ana karɓar kuɗi. Kada rumbunmu ya zama wata sabuwar ƙofar wannan masifa. Don haka jakar ƙungiya dabam, kuma abin da ke shiga cikinta a bayyane yake: shafukan littafi, rasit, takardar yarjejeniyar bashi, hoton kayan da aka saya da kuɗin ƙungiya. Wadda ke son ajiye nata na gida a buɗe mata jakarta da kalmar sirrinta, ita za ta zaɓi hoto ɗaya bayan ɗaya, kada a saita wayarta ta riƙa zuba komai da komai. Ku sani kuma, wadda ke riƙe da babbar kalmar sirrin kwamfuta tana da ikon kaiwa ga kowace jaka in ta so. Shi ya sa ba a kunna ta sai mutum biyu na wurin, kuma abin da ba za ki iya jure wani ido ya gani ba kada ki kawo shi, ki saya masa filashinsa ki ɓoye a ɗakinki. Wadda take ganin maigidanta zai yi ƙorafi ta gaya masa tun farko, ya fi a ji a bakin wani. Hoton katin banki, lambar BVN, lambar sirrin cirar kuɗi, waɗannan ba sa shiga rumbu ko na wa.

Kuma daga yau, waya ba ta zuwa wurin mai gyara sai an cire memori, sai an kwafe abin da za a iya kwafewa. Wanda aka aika ya faɗa da bakinsa: kada a yi filashin, kada a goge komai, sai an dawo an tambayi mai ita. In ana iyawa a tsaya a kansa har ya gama.

Sakatarori, ku matso gaba, wannan naku ne. Hoton da ba ya karantuwa ɓata wuri ne. Ki shimfiɗa littafi a tabarma, a inuwa mai haske, ba cikin rana tsaka ba, ba kuma cikin duhun ɗaki ba. Ki goge idon kamara da gefen zanenki. Kusurwa huɗu na shafin su fito, kwanan wata ya fito a sama. In kin ɗauka ki buɗa hoton da yatsu biyu ki karanta layin ƙarshe, in ya gagare ki ki sake. A ɗauka bayan an ƙirga kuɗi an faɗi jimilla, kafin a rufe akwati, kowa na kallo. Ƙananan littattafan zubi ma a ɗauke su ko sau ɗaya a wata, da ranar da aka ba da bashi, da ranar da aka gama biya. Masu hulɗa da 'yan kasuwar Segbana da Malanbil, in lissafin da sefa aka yi a rubuta sefa ɓaro-ɓaro a gefen adadin, tare da canjin ranar, kafin a ɗauki hoto. Na taɓa ganin an kwana ana musu a kan dubu hamsin, ashe ɗaya naira take nufi ɗaya sefa.

Littafin takarda kuwa yana nan daram, ba wanda ya ce a yar da shi. Shi ne asali, hoto mai tsaya masa ne in ya faɗi.

Zama mai zuwa, kowace ƙungiya ta zo da amsar tambaya uku a rubuce: a wayar wa hotunan littafinku suke, ina kwafi na biyu yake, wa ke riƙe da na uku. Wadda ba ta da amsa ta rubuta “babu”, ba abin kunya ba ne, ni ma na taɓa zama ba ni da ita. Shugabanni kuma ku sa maganar filashi biyu a taronku na wannan mako, a ga ko za a cire daga kuɗin tara ko a yi karo-karo. Na zo da guda ɗaya a jakata. Sakatariyar Illo, kawo wayarki da littafinku, sauran ku kewaye mu, mu kwafe shafin makon jiya kowa ta ga inda ake dannawa.